MATSAYIN WAƘA WAJEN GASKIYA, ADALCI DA SULHU

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. 

Bayan haka, a ƙarshen Suratush Shu'ara'i, bayan an zargi mawaƙa, an togace muminai masu aikin ƙwarai da yawan ambaton Allah, waɗanda suka kare kansu bayan an zalunce su. Ashe wanda aka zalunta yana da izinin faɗar abin da aka yi masa da baiti.

A kan wannan turba Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi waƙar Tabbat Haƙiƙa, yana gargaɗin masu mulki da alƙalai a kan cin haƙƙin talakawa, alhali mutanensa ne ke riƙe da mulki. Ya fara faɗa wa nasa gaskiya. 'Yarsa Nana Asma'u kuwa, bayan yaƙe-yaƙen jihadi, da waƙoƙi ta aika jajis cikin karkara suna karantar da mata, har waɗanda yaƙi ya raba da gidajensu.

Mu dawo gida Kano. Mai bin Titin Ibrahim Taiwo ta Fagge, kusa da Sabon Gari, yana tafiya ne a yankin da ya sha ganin fitina. A Sabon Gari aka kafa jam'iyyar NEPU a 1950, mawaƙa irin su Mudi Sipikin da Aƙilu Aliyu suka yi ta tona zaluncin da talaka ke sha. Amma a yankin nan ne aka zubar da jini a watan Mayu na 1953, aka sake a 1966, aka kashe maƙwabta da baƙin da ba su ji ba, ba su gani ba. Shi kansa mai sunan titin, Kanar Ibrahim Taiwo, kashe shi aka yi a yunƙurin juyin mulkin 1976. Mawaƙin gaskiya shi ne wanda zai iya ambaton zaluncin da aka yi wa nasa, ya kuma ambaci wanda nasa suka yi.

Sulhu kuwa sai bayan an faɗi gaskiya. Ka'abu ɗan Zuhairu ya cuci Manzon Allah da harshensa, sannan ya zo Madina ya amsa laifinsa da ƙasida a gaban sahabbai. Aka yafe masa, har aka lulluɓa masa mayafi mai albarka. Amsa laifi ya zo da fari, afuwa ta biyo baya.

Saboda haka, ya ku sha'iranmu da masu bege, ku tsare baitinku daga tunzura jama'a da kambama azzalumi. Ku faɗi abin da ya faru da adalci, ku bar wa mai tuba ƙofar dawowa.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rigaye mu, Ya zaunar da Kano da Nijeriya lafiya. Amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.