Abin wuyan maganin ƙuma: yana aiki, ko kuwa cutar da dabba yake yi?

Yau maganarmu a kan abin wuyan nan ne na roba da ake ɗaura wa kare ko kyanwa don kashe ƙuma da kaska.

To, yana aiki? Eh, in na gaske ne. An cusa maganin ne a cikin robar, yana fitowa kaɗan-kaɗan yana bin maiƙon fata har ya game jiki. Irin wanda ake kira Seresto, mai sinadaran imidakulofirid da fulumetirin, yakan kai wata 8 yana aiki. A Amurka an yi ta ƙorafin cewa yana cutar da dabbobi. Hukumar kare muhalli ta ƙasar ta bincika, a 2023 ta bar shi a kasuwa, amma da sharaɗin ƙara gargaɗi a jikin kwalin.

Ga inda haɗarin yake. Kada ka kuskura ka sa wa kyanwa na kare. Wasu magungunan kare suna da fametirin, hantar kyanwa kuwa ba ta iya sarrafa shi. Sai ka ga tana rawar jiki, tana dalalar da miyau, har ta mutu. Jabu ma ya yi yawa, don haka saya wajen likitan dabbobi. Fiya-fiya da maganin feshin gona kuwa, kada su kusanci jikin dabba.

In za ka ɗaura, bar wurin da yatsu 2 za su shiga tsakaninsa da wuya, ka yanke rarar. Ka wanke hannu, ka hana yara wasa da shi. Da ka ga wuya ya yi ja ko dabbar ta yi laushi, cire shi, ka yi mata wanka da sabulu, ka nemi likita.

Sannan ka sani, mafi yawan ƙuma ba a jikin dabbar suke ba. Macen ƙuma takan yi ƙwai har 50 a rana, suna zuba a makwanci da ƙasar tsakar gida. In ba ka share wurin ba, ka wanke tsumman da ruwan zafi ka shanya a rana, to, an kashe maciji ne ba a sare kansa ba.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. A huta lafiya.