Jawabin ƴan uwanmu na Yamai kan kallon tsuntsaye

Mai gari, ranka ya daɗe. Malam Liman, Allah ya gafarta. Iyayenmu dattawa da ƴan uwa ƴan ci-rani da suka zo gida salla, muna gaishe ku duka.

Labari ya riga mu isowa, wai yaran da ke Yamai sun rasa aikin yi, sun koma bin tsuntsaye da madubi. Gaskiya ne, muna bin su. Ga yadda abin ya faro. Ran lahadi mukan sauka bakin kogin Isa, wajen gonakin shinkafa na Saga, mu sha iska. Can muka iske wasu mutane, ɗalibai da ma'aikatan gandun daji, kowa da madubin hangen nesa da kaye, babu bindiga, babu danƙo. Muka tambaye su, suka ara mana madubi. Kirinjijiya muka fara gani, farar fuskarta kamar a tafin hannu. Mun sha cin namanta, amma ba mu taɓa duban ta haka ba. Tun ran nan muka shiga cikinsu. Abin da suke so ga mutum, sammako da yin shiru, kuma abin da bai tabbata ya gani ba kada ya rubuta.

Aikin ba wasa ba ne. Tun 1967 ake ƙidayar tsuntsayen ruwa kowane watan Janairu a ƙasashe da dama. Yawan tsuntsaye na cikin abin da ake dubawa kafin a sa tafki cikin wuraren ruwa da yarjejeniyar Ramsar ke kiyayewa: Tabalak ta shiga a 2005, tafkinmu na Madarunfa a 2019.

Ran da aka zo maganar shamuwa kuwa, mu muka zama malamai. Muka gaya musu tana isowa gab da damina, ta yi sheƙa bisa itace cikin tsakiyar gari, ba mai taɓa ta, kuma tsofaffi in sun gan ta sai su fara duba iri. Su kuma suka gaya mana inda take zuwa bayan kaka. Masu bincike sun ɗaura wa waɗansu shamuwa na'ura a nan Nijar, suka bi su har Tanzaniya, wata har Zimbabwe. Daga can take dawowa, ta yi ta cinye mana fara a gona ba ko sisi. Sai suka tambaye mu: wace rana ta iso garinku bara? Sheƙa nawa gare ku? Muka yi shiru. Kowa ya gani, ba wanda ya rubuta.

Shi ya sa muka kawo maganar gabanku. Baba, ku kuka san shekarun da gauraka ke sauka fadama, da lokacin da ake tada tuje a daji kusa. Mu ba mu iske su ba sai labari. Angulu ma, wadda dā take cika mahauta ran kasuwa, yaro na yau zai yi wata bai ga ɗaya ba. A 2015 aka sa ta cikin jerin tsuntsayen da ke bakin ƙarewa. Guba da ake sa wa mushe na kashe ta, da masu sayen kanta don magani. In baƙo ya zo neman kan angulu, muna roƙo a sanar da mai gari. Mushen da take ɗauke mana, in babu ita sai karnuka da ƙudaje.

Mun san wani zai ce, to jan baki fa? Ba mu zo kare ta ba, mu ma mun yi kora a gonar hatsi har murya ta dushe. Amma yaron da aka ba danƙo don jan baki, a hana shi harbin sheƙar shamuwa, kuma itacen da take sheƙa a bar shi ko da ana neman azara.

Mun bar kaye biyu da madubi ɗaya hannun malamin lakwal. Wanda ya fara ganin shamuwa bana ya je ya faɗa masa, ya rubuta ranar da itacen da ta sauka. Cikin watan Yuli ƴan lakwal za su ƙirga sheƙa, a aiko mana Yamai. Gobe bayan la'asar za mu zauna gindin tsamiya da duk dattijon da ya yarda, ya ba mu sunayen tsuntsayen da ya sani, har waɗanda aka daina gani.