Tsince Kuskure a Jerin Masu Bashi: Jawabi Ga Matasanmu Masu Koyon Kwamfuta



Ni ɗan kasuwa ne, don haka da bakin kasuwa zan yi magana. Yanzu da yawa cikin yaranmu na nan Sabo suna koyon rubuta manhaja, wasu har sun soma mayar da littafin bashin iyayensu cikin kwamfuta. Abin farin ciki ne. Amma fa littafin bashi amana ne. In aka ɗora wa wani bashin da ba nasa ba, a garin da muke zaman baƙunci, rigimar ba a rumfa ɗaya za ta tsaya ba. Shi ya sa na zaɓi in yi magana kan kurakuran 'yan koyo wajen ajiye bayanai a jeri.

Harshen da galibinku ke koyo shi ne Python, wanda Guido van Rossum, mutumin Holan, ya fitar a 1991. In kun ga tsohon littafi mai koyar da Python 2 ku ajiye shi, don an daina kula da shi tun Janairun 2020. Python 3 ake yi.

Abu uku za ku riƙe. Akwai mazubi, wato abin da ake buɗewa da kalmar class. Shi kamar mazubin bulo yake, siffa kawai yake bayarwa. Akwai abin da aka zuba daga cikinsa, mu kira shi kati: katin mai bashi guda, da sunansa da kuɗin da ake binsa. Sai jeri, inda ake tara katunan. To, ga sirrin: jeri ba katin kansa yake riƙewa ba, adireshinsa yake riƙewa. Kamar dai mai sito ya rubuta lambar buhu a littafi. In ya rubuta buhu mai lamba 7 sau biyar, buhu biyar gare shi? Ina! Buhu ɗaya ne.

Daga nan kuskure na farko ke fitowa, kuma shi ya fi yawa. Yaro zai yi kati ɗaya kafin ya shiga zagaye, sai a cikin zagayen ya riƙa canja masa suna da kuɗi yana turawa jeri da append. Mutum 30 ya shigar, amma da ya duba sai ya ga duk sun koma sunan na ƙarshe da bashin na ƙarshe. In na ƙarshen naira 5,000 ake binsa, wanda ake bin 200,000 ma ya koma 5,000. Maganinsa, a zuba sabon kati a cikin zagayen, kowane mutum da nasa. Ƙanen wannan kuskure shi ne a sa kati ɗaya a jeri a ninka shi da 10 don a huta. Adireshi ɗaya aka maimaita sau 10, ka taɓa ɗaya ka taɓa duka.

Na biyu, tura mazubi maimakon kati. In sunan mazubinka MaiBashi, ka rubuta jeri.append(MaiBashi) haka tsirara, kwamfuta ba za ta ce uffan ba, za ta karɓa. Sai can gaba da ka nemi suna ta ce ba ta san zance ba. Daidai shi ne jeri.append(MaiBashi("Tanko", 5000)). Ba a gina gida da mazubi, da bulo ake gini.

Na uku, tukunyar gayya. Kowane mai bashi yana bukatar nasa ɗan jerin kayan da ya ɗauka. In ka buɗe wannan jeri kai tsaye a ƙarƙashin class, ya zama na kowa da kowa: albasar da wannan ya ɗauka sai ta bayyana a katin wancan. A buɗe shi a cikin __init__, da self a gabansa, kowane kati ya sami tukunyarsa.

Na huɗu, rubuta jeri = jeri.append(kati). Aikin append shi ne ya ƙara abu a jeri, ba ya dawo da komai sai None, wato babu. Ka ga ke nan ka ɗauki sunan littafinka ka liƙa wa iska. Da ka zo ƙara na gaba sai ka ga saƙo mai ɗauke da kalmar NoneType. A rubuta jeri.append(kati) kurum.

Na biyar, cire waɗanda suka biya alhali ana cikin zagaya jerin. Da ka cire na 2, na 3 ya matso ya zauna a gurbinsa, zagayen kuwa ya wuce gaba, ya tsallake shi. Sai mutumin da ya biya ya ci gaba da zama cikin masu bashi. Wannan shi ke kawo rantse-rantse a bakin rumfa. Hanya mai kyau, a gina sabon jeri na waɗanda ba su biya ba tukuna. Kuma ku tuna ƙirga a jeri daga 0 take farawa: in mutum 30 ne, na ƙarshe lambarsa 29.

To, yaya ake tsince kuskuren? Kamar tsince tsakuwa a shinkafa ne, kaɗan-kaɗan ake bazawa a faifai. Ku gwada da mutum 3, ba 300 ba. Ku yi lissafin da biro tukuna, sannan ku gwama da abin da kwamfuta ta bayar. In jan rubutu ya fito kada ku firgita, ku karanta layin ƙarshe, shi ke faɗin irin ciwon, na samansa kuma su nuna wurin. In kuna zargin kati biyu ɗaya ne, ku sa id ta ba ku lambar kowanne, in lambar ta zo ɗaya to buhu ɗaya ne. In kun buga jeri da print kuka ga wasu lambobi masu fara wa da 0x maimakon sunaye, ba lalacewa ya yi ba. Ku rubuta wa mazubin __repr__ domin ya san yadda zai faɗi kansa. Tun daga Python 3.7 na 2018 ma akwai breakpoint, wanda ke tsayar da aiki a tsakiya ku leƙa ciki, layi bayan layi.

Ku kuma iyaye, shawarata gare ku: kada ku jefar da littafin takarda ranar da yaro ya kawo manhaja. Ku tafi da su biyun tare har wata guda, ana gwamawa kowace yamma. Ba a fafe gora ranar tafiya. In sun yi daidai, madalla. In sun saɓa, kada a yi wa yaro tsawa, a zauna a duba, mai yiwuwa ɗaya ne cikin biyar ɗin nan.

Ku matasa, wanda ya gane ya koya wa ƙanensa. Allah Ya sa albarka.