Barcin direbobinmu da albasarmu

Jawabin da aka yi a taron ƙungiyar ƴan asalin Urno

Iyayenmu dattawa, malamai, shugaban ƙungiya, da ku ƴan uwa da kuka dawo daga cin rani, muna gaishe ku, muna kuma neman gafara in maganar ta taɓa wani. Mu masu alli ne, ba mu taɓa riƙe sitiyarin kamiyo ba. Amma da yawa cikin ɗiyan da suka bar lakwal a hannunmu sun zama karen mota, wasu sun zama direbobi, kuma in sun zo gida mu suke gaya wa abin da ba su iya gaya wa maigidansu.

Ga abin da suke cewa. Lokacin cirar albasa, cikin zafin Maris da Afrilu, ana loda mota a Madawa ko Galmi tun hantsi har dare, direba yana tsaye yana ƙirga buhu. Da an ɗaure tanti sai a ce ya tashi. Daga Madawa zuwa Yamai wajen kilomita 500 ne, kuma nan ne ma tafiyar ta soma ga mai zuwa Akara, Kumasi ko Abijan. A hanya akwai jandarma, akwai duwan, akwai wurin awon nauyi. Duk awar da ta ɓace a wajensu, daga barcin direba ake cire ta. A 2023 da aka rufe iyakar Gaya, manyan motoci suka koma bin Burkina Faso, inda akan yi kwanaki ana jiran sojoji su raka ayari, in ayari ya tashi kuwa babu mai tsayawa don yana jin gyangyaɗi.

Shin doka ta yi shiru? A'a. Dokar aiki ta ƙasarmu, mai lamba 2012-45 ta 25 ga Satumba 2012, ta sa awa 40 a mako ga ma'aikaci. Tun 1979 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda muka sani da OIT, ta fito da yarjejeniya ta 153 musamman don direbobi: kada a wuce awa 4 a jere ba hutu, kada tuƙi ya wuce awa 9 a rana da awa 48 a mako. Ƙasashe kaɗan ne suka amince da ita. A Turai suna da tasu doka tun 2006, hutun minti 45 bayan awa huɗu da rabi, kuma kowace babbar mota tana da na'ura mai rubuta awoyin tuƙi, ɗan sanda ya tsaida ka ya karanta. Nan wajenmu ana tambayar permi da takardun mota da na kaya. Ba mu taɓa jin an tambayi direba yaushe ya yi barci ba. Yawancinsu ma ba su da takardar aiki tsakaninsu da mai mota, biya kan tafiya ne: ka yi tafiya uku a wata ka ci, ka yi biyu yara su ji a tukunya. Wanda ya ce ya gaji, gobe an ba wani makulli.

To, ku yi haƙuri da halin malamin lakwal, bari mu yi lissafi. Mota mai gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 kowace daƙiƙa. Ido ya rufe daƙiƙa 4 kawai, ta yi kusan mita 90, wato kusan tsawon filin ƙwallo, da kaya fal a bayanta, babu mai tuƙi. Masu bincike a Ostareliya sun nuna a 1997 cewa wanda ya yi awa 17 idonsa biyu, hankalinsa da saurin hannunsa sun yi daidai da na wanda ya sha giya. Ku duba fa, iyayenmu: yaron da bai taɓa kusantar kwalba ba, mun mai da shi kamar mashayi a kan kwalta. Goro da shayi da Nescafé suna ɗan jinkirta barci, ba su biyan bashinsa. In sun kasa sai a koma ga tramol, kuma duk mun ga yadda yake barin samari.

Yanzu ga wurin da maganar ke da ɗaci. Mun saba ɗora laifi kan masu motoci na birni. Amma albasar ta wa ce? Tamu ce, daga fadamunmu ta fito. Wa ke buga wa direba waya da ƙarfe biyu na dare yana tambaya, ina kake, kasuwa za ta faɗi? Mu ne, ko ƴan uwanmu da ke jiran kaya a Abijan. Tsoronmu ba na banza ba ne, albasa a cikin buhu da zafi ba ta jira, kuma in motoci goma sun riga ka shiga kasuwa farashi ya karye. Sai dai jinkirin awa 6 buhu nawa zai ɓata? Motar da ta kife kuwa ta tafi da kaya duka, da direba, da karen motarsa, wani lokaci har da masu amalanke da ba su san hawa ba. Wani da muka zauna benci ɗaya da shi a lakwal ya ce mana dabararsa ita ce ya kashe waya, ya kwanta ƙarƙashin mota, da safe ya ce taya ce ta fashe. Mutum ya yi ƙarya kafin ya samu barci!

Ƙungiyarmu ba ta da iko kan duwan ko kan ayari, amma tana da iko kan ƴaƴanta. Abin da muke roƙo a tattauna yau ke nan. Duk ɗan ƙungiya da zai ɗauki hayar mota, a rubuta cikin yarjejeniya cewa direba zai kwana kafin ya tashi, wani ne zai tsaya kan lodi, kuma daga ƙarfe sha biyun dare zuwa sallar asuba babu mai kiransa, sai in wurin ba shi da tsaro. Tafiyar da ta wuce kwana biyu, masu kaya su haɗa kuɗin direba na biyu, a raba bisa yawan buhu. Ku kuma na Abijan da Akara, ku keɓe ɗaki guda inda direban garinmu zai kwanta kafin a loda masa kayan dawowa. In an kori wani don ya tsaya ya huta, dattawa su je su ga mai motar, kamar yadda suke zuwa in rigimar gona ta tashi.

Magatakarda yana da takarda, wanda ya yarda ya ba da sunansa kafin a watse.