Tsakanin "Dole" da "Ana Sa Rai": Jawabi ga Malaman Turanci



Maganata a yau ta shafi wata kalmar Turanci da ke rikita ɗalibanmu na aji biyar da na shida, wato "should". Yawanci akan fassara musu ita da "ya kamata", a wuce. Fassarar ba ta ɓaci ba, sai dai rabin aikin kalmar kawai ta ɗauko.

Idan aka ce wa yaro "You should greet your elders", nauyi aka ɗora masa: ya kamata ya gai da na gaba da shi. Amma idan manomi ya ce "The rain should start in June", babu wanda ya ɗora wa ruwan sama nauyi. Abin da yake sa rai ya faɗa, bisa yadda damina ta saba zuwa. Hausa ta ware wa kowace ma'ana kalmominta, Turanci kuwa ya ɗora su duka a kan kalma guda. Haka ma "ought to" take.

Ita ma "must" aiki biyu take yi. "You must wash your hands" umarni ne, dole ne a wanke hannu. Amma wanda ya ga ɗan'uwansa ya wuni a gona ya ce "He must be tired", bai tilasta masa gajiya ba. Alama ya gani ya yanke hukunci: lalle ya gaji.

Saboda haka mu koya wa yara tambaya guda da za su riƙa yi wa kowace jimla: wani ake so ya aikata wani abu, ko kuwa abin da ake tsammani ake faɗi? Wanda ya amsa wannan da Hausa ya kama ma'anar.

A wajen korewa ma akwai tarko. "You mustn't go" hani ne, kada ka tafi. "You don't have to go" kuwa sassauci ne, ba dole ba ne ka tafi. Yaron da ya san bambancin farilla da mustahabbi da haramun a Islamiyya ba zai sha wahalar gane wannan ba, muddin aka nuna masa.

'Yan uwa, darasin bai tsaya a aji ba. Idan takarda ta ce "Salaries should be paid before month end", mai ita yana iya cewa daga baya fata kawai ya yi. A rubutun yarjejeniya, "shall" da "must" su ne ke ɗaure mai sa hannu. Don haka wakilanmu su dubi wace kalma aka sa kafin su rattaba hannu a madadinmu.

Allah Ya yi wa koyarwarmu albarka.