Jirgin Ƙasa Mai Wuta da Ƙara a Kan Teburin Aji

Jawabin da aka gabatar a taron reshen Ƙungiyar Malamai na Zango

 

An ba ni dama in yi magana a kan kayan koyarwa, ni kuwa na zaɓi in tsaya a kan abu guda: ɗan ƙaramin jirgin ƙasa mai tururi, wanda yara za su ƙera da hannunsu, fitilarsa ta kama, ya kuma yi ƙara. Na san wani zai ce a ransa, ana fama da ƙarancin alli da kujeru, wa ke ta jirgin wasa? Ina roƙon a yi mini haƙuri kaɗan.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a shekarar 1911, daga baya aka ja layin zuwa Nguru ta Ringim da Malam Madori, shi ne kuma ya riƙa kwashe dalar gyaɗa zuwa Ikko da kwal ɗin Inugu a cikinsa. Bai taɓa ratsa ƙasar Daura ba. Yanzu ga layin Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a watan Fabrairun 2021, zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, ga kuma Jami'ar Sufuri ta Tarayya a Daura, nan kusa da mu. Yaran da ke gabanmu a aji huɗu da biyar su ne za su girma a gefen wannan layi. Wasu za su shiga harabarsa da takarda a hannu, wasu da farantin talla a ka. Wani ɓangare na wannan rabo a ajinmu ake yanke shi, a darasin Kimiyya da Fasaha, wanda sau da yawa muke gamawa a kan allo ba tare da yaro ya taɓa ko guntun waya ba.

A Ingila da Jamus da Amurka akwai dattawa masu sha'awar ƙananan jiragen ƙasa, suna shimfiɗa musu layi a ɗaki. Ma'aunin da ya fi yaɗuwa shi ne wanda ake rage kome sau 87. A cikin irin wannan jirgi suke dasa wata 'yar na'ura da ba ta kai ɗan yatsa ba, ana ce mata dikoda. Wutar da ke bin ƙarfen layin tana ɗauke da saƙo, kowane jirgi yana da lambarsa, dikoda kuwa ba ta amsa umarni sai an kira tata lambar. Daga jikinta wayoyi ke fita, kowace da launinta: ja da baƙa zuwa layi, ruwan lemo da ruwan toka zuwa inji, fara zuwa fitilar gaba, rawaya zuwa ta baya, shuɗiya kuma ita ce ta tarayya ga fitilun. Ana haɗa mata 'yar lasifika a cikin akwati rufaffe, domin in an bar ta a buɗe sautin ba ya yin kauri. Wani ma yakan sa jan ƙwai mai ƙyaftawa a murhun jirgin, don a ga kamar garwashi na ci.

Ba ina cewa mu saye wannan ba. Tsadarsa ta fi ƙarfin asusun makarantunmu. Abin da ya kamata mu ɗauka daga wurinsu shi ne ƙa'idar da ba sa sassautawa a kanta: dole ƙarar jirgi ta tafi daidai da juyawar ƙafarsa. Jirgi mai silinda biyu yana huci sau huɗu a kowane zagaye ɗaya na ƙafa. In ya yi uku ko biyar, a wurinsu aikin ya ɓaci, sai an sake saiti.

Me ya sa huɗu? A nan darasin yake. Tururi yana tura fistan gaba, ya sake turo shi baya, kowace tura kuma tana ƙarewa da sakin tururin da ya gama aiki. Silinda ɗaya ke nan ta ba da huci biyu, biyu suka ba da huɗu. An kuma saɓa sandunan ɓangarorin biyu da rubu'in zagaye, saboda in ɗaya ta tsaya a inda ba ta da ƙarfin tura ƙafa, ɗayar tana tsakiyar ƙarfinta, jirgi ba zai ƙi tashi ba. Tururin da aka saki kuwa ba a zubar da shi a banza. Ana harba shi ta bututun hayaƙi, ya ja iska ta ratsa murhu, wuta ta ƙara ruruwa. Duk yaron da ya taɓa tsayawa a maƙera ya ga zugazugi zai gane wannan nan take: jirgin yana zuga wutarsa da numfashinsa, iya nauyin da ya ja iya zugar da yake yi.

To, da me za mu yi namu? Yaranmu sun daɗe da ƙwarewa a motar kara da ta gwangwani, har da sitiyari mai juya ƙafafun gaba. Abin takaici, wannan motar ce muke ƙwacewa a bakin aji mu taka. Gwangwanin madara shi ne tukunyar jirgi, karan dawa ya zama gangar jiki, tsohon silifa a yanka ƙafafu, kwali ya yi ɗakin direba. Wuta kuma tana cikin matattun tocilan da ke yashe a kowane gida. A ciro ƙananan ƙwayayen da ake kira LED, a sami batir biyu na rediyo, su ba da bolt 3. Farin ƙwai zai kama da wannan kai tsaye, ja kuwa yana son a sa masa rezisto mai kamar om 100, in ba haka ba ba zai yi ƙarko ba. Sabon ƙwai yana da doguwar ƙafa, ita ce ke zuwa wajen alamar tarawa ta batir. In yaro ya juya shi bai kama ba, kada a yi saurin gyara masa. A bar shi ya juya da kansa, ranar ce zai san cewa wutar batir tana da gaba da baya. Gargaɗi biyu kawai: kada a kusanci wutar soket ko kaɗan, kada kuma a yi amfani da kumburarren batirin waya, yana iya kamawa da wuta.

Sauti shi ne inda za a jarabce mu. Hanya mafi sauƙi ita ce a ɓoye 'yar rediyo mai katin memori a cikin tarago, a kunna ƙarar jirgi. Baƙi za su tafa, amma ni ban yarda da ita ba, domin jirgi zai tsaya cik yana ta huci, yaro kuma ya koyi cewa ƙara aba ce da ke fitowa daga akwati ba gaira ba dalili. Gara a kafa 'yan fikafikai huɗu na gwangwani a jikin sandar ƙafa, tazararsu daidai, a liƙa guntun sanfefa inda za su riƙa gogawa. A tura jirgi a hankali ya yi huci a hankali, a yi sauri ya yi sauri, a tsaya ya yi shiru. Ba ƙauyanci ba ne wannan. Kamfanin Hornby na Ingila ya taɓa sayar da ƙananan jirage masu sauti da irin wannan goge, masu dikoda ma wasunsu har yau suna sa abu mai haƙora huɗu a sandar ƙafa don ya riƙa ba na'urar lokaci.

Lissafi kuma yana shigowa da kansa. Ƙafa ta juya sau 12, huci nawa aka ji? A auna kewayen ƙafa da zare, a gano nisan da jirgi ya yi. 'Yan aji shida a ba su wannan: faɗin sabon layin da zai bi ta Daura milimita 1,435 ne, a raba da 87. Amsar ita ce kusan 16.5, wato daidai faɗin layin waɗancan ƙananan jirage na Turai. Tsohon layin Nguru milimita 1,067 ne, su faɗa mana ko jirgin wancan zai iya hawa wannan. A kuma lura, kada maza su riƙe waya a bar 'yan mata da shafa fenti. Kowace ƙungiya ta riƙa karɓa-karɓa.

Roƙona ga shugabannin reshe abu ne mai sauƙi. A ware Asabar ɗaya a wannan zangon karatu, a gayyato mai gyaran rediyo daga kasuwa ya koya mana liƙa waya da dalma, a biya shi haƙƙinsa. A sayi akwati ɗaya mai filaya da ƙarfen liƙi da mitar gwada wuta, ya riƙa zagaya makarantu da rajista. Ranar Malamai ta Duniya, 5 ga Oktoba, kowace makaranta ta kawo jirginta, alƙalai su juya ƙafarsa sau ɗaya su ƙirga, sannan su zaɓi yaro ko yarinya daga cikin maƙeran su tambaye shi dalilin huɗun.