Kasuwar Nesa: Riba ko Wahala?



Zancen da nake so mu duba a yau ya shafi aljihun mutane da yawa a cikinku, watau yadda mutum zai gane ko sana'ar da ke can nesa ta cancanci wahalar zuwa gare ta. A ƙasashe irin su Japan da Amurka akwai injin sayar da kaya da kansa, wanda ake jefa masa kuɗi ya fito da lemo ko alewa. Mutum yakan sayi jerin irin waɗannan injuna a wurare dabam-dabam, aikinsa shi ne ya zaga ya zuba kaya ya kwashe kuɗi. Mu a ƙasar Haɗeja abin da ya fi kama da wannan shi ne rumfar cajin waya mai aiki da hasken rana, ko teburin POS, da matashi yakan kafa a ƙauye ya ɗora yaro a kai, shi kuma yana birni yana zuwa duba ciniki ranar Asabar.

Kuskuren da aka fi yi shi ne duban abin da ke shiga aljihun tebur, a mance da abin da hanya take ci. Mu ƙaddara kana da rumfuna 3 a ƙauyukan Guri ko Kirikasamma, kowace tana bar maka Naira 10,000 a mako bayan an sallami yaro. Ka ga 30,000 ke nan. Idan man babur da gyara da abincin hanya sun cinye 12,000, saura 18,000. Mu kuma ƙaddara wani abokinka yana da rumfa ɗaya tak kusa da tashar mota a cikin Haɗeja, tana ba shi 15,000, ba ya hawa komai. A ido kai ne a gaba.

To, amma shekara mako 52 ce, kuma fadamar Haɗeja ba ta ba kowa su cikakku. Duk wanda ya ga ambaliyar 2018 da 2020 da 2022 ya san yadda ruwa yake raba ƙauyukan Auyo da Guri da Kirikasamma da babbar hanya, har sai an koma ga kwalekwale. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 tafiyar kogin ta canza, ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa da dama, ruwan kuma yana neman inda zai bi. Idan damina ta ɗauke maka mako 10, lissafinka ya zama 18,000 sau 42, watau 756,000. Na abokinka kuwa 15,000 sau 52, watau 780,000. Ya wuce ka, alhali bai sha rana ba, bai kuma sayar da Asabar ɗinsa ko ɗaya ba.

Sa'an nan kuɗin hanya ba ya zama wuri ɗaya. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka cire tallafin man fetur, cikin 'yan kwanaki farashin lita ya ninka fiye da sau biyu. Sana'ar da ribarta ke rataye da man babur, rana ɗaya takan mai da ita ba uwa ba riba. Wani zai ce sai a rage zuwa, a riƙa tafiya sau ɗaya a mako biyu, ko yaro ya riƙa turo kuɗi ta waya. Hakan yana taimakawa, sai dai waya ba ta gyara batirin da ya mutu, ba ta kuma ƙirga kaya. Dukiyar da mai ita ya daɗe bai gani ba, amana kaɗai ke riƙe da ita.

Kada ku ɗauka ina hana ku fita. Fataken da suka gabace mu sun yi arziki da nesa, amma da dabara. Sukan jera tafiyarsu bisa ranakun kasuwa, su bi su ɗaya bayan ɗaya, kuma ba sa dawowa hannu rabbana. Lokacin da layin dogo ya kai Nguru a 1930, garuruwan tasha irin su Malam Madori sun bunƙasa ne domin hanya ɗaya tana tattara kayan wurare da yawa. Saboda haka nesa takan biya idan rumfunan suna kan layi ɗaya, idan babu mai yin irin sana'ar a wurin, idan kuma a dawowa za ka iya ɗauko busasshen kifi ko shinkafa ka sayar a Haɗeja, hanya ta biya kanta.

Ku kuma ma'aikata, akwai abin da ya wuce lissafi. Ƙa'idojin ɗa'ar ma'aikata da ke cikin Tsarin Mulkin 1999 sun hana cikakken ma'aikacin gwamnati tafiyar da kasuwanci na kansa, in ban da noma. Ku san wannan tun kafin ku zuba jari.

Shawarata ita ce, kafin ka saki kuɗinka, ka bi hanyar da ƙafarka sau biyu, ɗaya da rani ɗaya a tsakiyar Agusta, ka rubuta kowane kwabo da ka kashe. Ka sa wa yininka farashi, ka tambayi mutanen garin makonni nawa ruwa yake tare su. Abin da ya rage bayan wannan shi ne ribarka. In ya fi abin da za ka samu a ƙofar gida, bisimilla. In bai fi ba, hangen Dala ba shiga birni ba ne.

 Allah Ya sa albarka a nemanmu, amin.